Jakar Farautar Yini Ɗaya a Dajin Kurmi: Abin Dubawa Kafin a Saya

Duk wanda ya daɗe a Kasuwar Shasha ya san ba tumatir da tattasai da albasa kaɗai manyan motocin Arewa ke saukewa ba. Suna sauke mutane ma, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka gaji farauta tun iyaye da kakanni. Wani ɗan dako ne a ranakun aiki, wani mai gadi, wani mai shayi, amma da zarar ruwa ya ɗauke ciyawa ta fara bushewa, sai daji ya fara kiransa. Daga nan Shasha, da ke ƙaramar hukumar Akinyele a arewacin Badun, hanya a buɗe take zuwa Moniya da Ijaiye da Iseyin, har can ƙasar Oke-Ogun. 'Yan'uwa na Sabo, wajen Mokola, su ma hanyar ke nan.

Mai fita da asuba ya dawo kafin dare, jaka ɗaya ce gidansa na wannan yini. Yawancinmu kuwa ba ma ba ta muhimmanci: jakar makarantar yaro ce, ko buhun bakko da aka ɗaura wa igiya, ko wadda aka tsinta a gwanjo don ta yi arha. A Arewa wannan na iya wucewa. A nan Kudu, jaka tana da alƙalai uku: bayanka, ruwan sama, da idon wanda zai tare ka a hanya. Na ukun ne ya fi tsanani, kuma shi ne mai sayar da jaka ba zai taɓa yi maka maganarsa ba.

Daga burgami zuwa jakar goyo

Maharbin ƙasar Hausa na da bai san jakar goyo ba. Burgami yake ratayawa, wato jakar fatar akuya, ga kwari da baka, ga gyandamar ruwa, ga wuƙa a ƙugu. Burgami yana da kirkinsa: ba ya ƙara, ba ya ƙyalli, kuma hannu ɗaya ya isa a zura a ɗauko abu ba tare da an tsaya ba. Amma an yi shi ne don dajin da iska ke ratsawa, inda ƙarangiya da ƙayar farar ƙaya ne manyan abokan gaba. Kano na samun ruwan sama kamar wata huɗu a shekara. Badun kuwa damina kan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, da ɗan sarari a watan Agusta, kuma ruwan da ke sauka ya haura milimita 1,200 a shekara. Ko a rani, raɓar asuba a kurmi ta isa ta jiƙa mutum har ƙugu. Fatar da ba ta samu jima mai kyau ba, sati biyu a irin wannan laima sai ta yi fumfuna, ta yi wari, ta sandare in ta bushe.

Sannan jakar rataye kafaɗa ɗaya take ɗora wa nauyi, kuma lilo take yi. A sarari ba komai. A cikin sarƙaƙiyar ciyawar nan da Yarabawa ke kira Akintola, ko tsohuwar gonar koko da igiyoyin daji suka rufe, duk abin da ke lilo sai ya maƙale. Shi ya sa jakar goyo mai hannu biyu, wadda ke manne da baya, ta fi dacewa da wannan ƙasa. Wanda ya saba da burgami ba sai ya yar da shi ba. Ya mai da shi ƙarami, ya rataya a gaba don ƙananan abubuwa.

Girma da nauyi

Ana auna cikin jaka da lita, kuma a kan rubuta lambar a jikinta ko a wata 'yar takarda a ciki. Don fitar yini ɗaya, tsakanin lita 20 zuwa 30 ya wadatar. Ƙasa da haka ruwa kaɗai zai cinye wurin. Sama da lita 35 kuwa jaraba ce, don duk inda jaka ta bar fili, sai mai ita ya nemo abin cusawa.

Masu tafiyar daji da hawan duwatsu a ƙasashen Turai da Amurka suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi: kayan yini ɗaya kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mutum. Mai kilo 65 ke nan ya tsaya a kilo 6 zuwa 7. Yi lissafi ka gani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ledar fiya-wata rabin lita ce, kuma wanda zai yini yana tafiya a zafin Fabrairu ko Maris bai kamata ya fita da ƙasa da lita 3 ba, wato leda shida, kilo 3 ke nan tun ba a sa komai ba. Mai karnuka sai ya ƙara nasu. Jakar da kanta, in mai kyau ce, za ta kai kilo ɗaya. Saura kilo biyu zuwa uku na guzuri da tocila da wuƙa da magani da rigar ruwa. Ka ga babu wurin tarkace.

Af, maganar ledar ruwa: ta fi arha, amma ƙaya ɗaya ko bakin wuƙa ya isa ya fasa ta a cikin jaka. Gara gorar roba mai murfin murɗawa, a sa a aljihun gefe, ledojin su zama ƙari a cikin wata leda mai kauri.

A gwada ta da kaya a ciki

Kada ka sayi jaka tana fanko. Kowace jaka daɗi gare ta in babu komai a ciki. Roƙi mai shago ya bari ka zuba mata nauyi, ko da ledojin ruwa goma ne daga mai talla, ka goya, ka ɗan zaga, ka sunkuya, ka tsuguna kamar mai bin sawu. In ya ƙi, wuce gaba.

Abin da ake dubawa shi ne tsawon baya, ba tsawon mutum ba. Sunkuyar da kai ka taɓa ƙashin nan da ya turo a gindin wuya. Daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu shi ne tsawon bayanka, kuma jakar ta zauna a tsakanin nan. In ta sauko tana dukan ɗuwawu, ta yi maka tsawo. Hannuwanta su zama masu faɗi, kamar yatsu uku, da soso mai tauri a ciki, ba mai laushin da ke lotsewa ba. Ta zama tana da maɗaurin ƙugu da na ƙirji. Mutane da yawa suna ganin maɗaurin ƙugu ado ne, har wasu su yanke shi. Alhali shi ke sauke nauyi daga kafaɗa ya mai da shi kan ƙugu, inda jiki ya fi ƙarfi, na ƙirji kuma shi ke hana hannuwan zamewa in gudu ya kama.

Mai harbi da bindiga yana da ƙarin abin dubawa: ya ɗaga hannu kamar zai saita, ya ji ko soson hannun jakar ya tokare inda gindin bindiga ke zama a kafaɗa. In akwai ƙarfe ko ƙullin roba a daidai wurin, jakar ba tasa ba ce. Mai sanda da gora kuma ya wurga hannu ya ji ko ta riƙe shi.

Wajen shirya kaya, mai nauyi ya zauna a tsakiya, manne da baya. Mara nauyi a ƙasa, abin da ake yawan buƙata a sama.

Yadi, zif da ruwan sama

A jikin wasu jakunkuna za ka ga lamba da harafin D, kamar 600D ko 1000D. Kaurin zaren ke nan. Daga 500 zuwa 1000 shi ne na daji. Ƙasa da haka na makaranta ne da ofis. In ka ga tambarin Cordura na gaske, yadi ne da aka sani da juriya. Amma kauri ba shi ne komai ba. Shafa yadin da farce ka saurara. Akwai mai ƙara kamar ledar biredi, kuma gada ko mazo za su ji ka tun kana nesa. Haka abin mannewar nan mai ƙara in an ɓare shi, da ƙarafan zif masu kaɗawa kamar ƙararrawa. Na ƙarshen yana da magani: cire ƙarfen, ka ɗaura guntun igiya a madadinsa.

Zif shi ne inda jaka ke fara mutuwa. Nemi mai manyan haƙora, mai kai biyu. Kamfanin YKK na Japan ya yi suna a wannan fanni, kuma ana buga sunansa a kan zif ɗin, sai dai jabu ya yi yawa, don haka ja shi sau goma da kanka, musamman a kan kwana. Duba kuma inda hannuwa suka haɗu da jikin jaka ta sama. In ɗinki layi ɗaya ne, kai ta wurin baduku ko shumeka ya ninka da zaren takalmi tun kafin fitar farko, ba sai ta tsinke maka a tsakiyar daji ba.

Aljihunan raga na gefe suna da kyau a ido, amma a dajin nan matsala ne. Ƙaya tana yaga su, sannan a rani suna kwasar gashin ƙarara, wadda Yarabawa ke kira werepe. Wanda ya taɓa zura hannu a aljihun da ƙarara ta shiga ba ya buƙatar ƙarin bayani. Aljihun yadi mai igiyar tsukewa ya fi.

Game da ruwa kuwa, kada wani ya ruɗe ka da cewa jakarsa ba ta shan ruwa. Yadin na iya hanawa, amma ruwa ta ramukan allura da zif yake shiga. Wasu jakunkuna suna zuwa da hular ruwa a wani ɓoyayyen aljihu a ƙasa. Tana taimakawa, sai dai ƙaya na fizge ta. Dabarar da ta fi kowace arha ita ce babbar leda mai kauri a shimfiɗa a cikin jakar, a zuba kaya a cikinta, a murɗe bakin. Waya da takardu kuma su samu tasu ledar daban. Mai bindigar toka ya san albarushin da ya sha laima ba ya tashi, don haka gwangwani ko gorar roba mai rufuwa ruf, kuma a aljihun da babu ashana, babu leta, babu batir.

Launi ba ado ba ne

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, don jakar da ta fi jan idon mafarauci a kasuwa ita ce mai zanen kakin soja. Tana da arha a gwanjo, tana da aljihu da yawa, kuma ana ganin ta dace da daji. Ka bar ta a inda ka gan ta. Sashe na 110 na dokar manyan laifuka da ake aiki da ita a jihohin Kudu ya hana farar hula sa kayan soja ba da izini ba, kuma rundunar soja ta sha gargaɗin jama'a a kan yadin kaki mai dabbare-dabbare. Ko da lauya zai ce jaka ba yunifom ba ce, sojan da ke kan shinge ba lauya ba ne. Wanda ya fi wannan muni, a idon manomin da ya hango ka daga gonarsa, Bahaushe da jakar kaki yana fitowa daga daji kamanninsa ɗaya da hoton da ya gani a waya na masu garkuwa da mutane.

Baƙa da shuɗiya ma suna da nasu aibin. Ƙudan tsando, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, waɗannan launuka biyu ne suka fi jan sa. Shi ya sa tarkon da masu bincike ke kafa masa da shuɗin yadi da baƙi ake yin sa. A bakin rafuka da kurmin da ke gefensu, inda tsando ya fi yawa, mai baƙar jaka shi ke shan cizo a wuya da kafaɗa. Baƙi kuma yana tara zafi. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ko kore mai duhu mara zane, su ne daidai.

Akwai wani darasi daga Amurka da ya kamata a ɗauka. A yawancin jihohinsu doka ta tilasta wa mai farautar barewa da bindiga ya sa riga ko hula mai launin ruwan lemo mai haske, don kada ɗan'uwansa maharbi ya ga motsi a ciyawa ya sakar masa wuta. Dabbobi irin su barewa ba sa bambance wannan launi kamar yadda idon mutum ke yi. Dajin nan ba namu ne mu kaɗai ba. Maharban Yarabawa, waɗanda ake kira ode, suna ciki dare da rana, ga masu tarko, ga masu sassabe. Ƙyalle mai ruwan lemo, faɗin tafin hannu biyu, a ɗaura a bayan jaka, ba ya korar nama, kuma yana gaya wa duk wanda ya hango ka cewa ba ɓuya kake ba.

Jakar da za a buɗe a gaban mutane

A ranar 27 ga Maris 2025, cikin azumi, mafarauta 'yan jihar Kano suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa gida don yin Sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta ƙirar gida a cikin kayansu, aka yi ihun masu garkuwa ne, taro ya haɗu, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je har Kano ta'aziyya, ya kuma dakatar da shugaban rundunar tsaron jiharsa. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, ba na waɗanda aka kashe ba, kuma babu jaka ko takardar da za ta tsayar da taron da ya riga ya tunzura. Wannan a faɗe shi a fili.

Amma yawancin tarewa ba ta kai nan. Yawanci mutum biyu ne ko uku a bakin gona ko a kan shinge, suna tambaya, suna kallon hannunka, kuma minti biyun farko ne ke yanke yadda za ta ƙare. Mu a jihar Oyo mun san yanayin da ake ciki. An ƙaddamar da Amotekun a nan Badun a Janairun 2020, kuma akwai maharba a cikinsu. An ga abin da ya faru a Igangan ta yankin Ibarapa a 2021. A watan Fabrairun 2021 kuma, saɓani tsakanin mutum biyu ya zama gobarar da ta ci rayuka da shaguna da gidaje a Shasha, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar na wani lokaci, gwamnonin Arewa suka zo jaje. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san ƙaramin abu ke zama babba.

To, me wannan ke nufi ga zaɓen jaka? Na farko, ka zaɓi wadda zif ɗinta ke zagayawa ta buɗe gaba ɗaya kamar akwati, ba mai baki ɗaya a sama kamar buhu ba. Mai bakin buhu sai ka zura hannu har gwiwar hannu kana lalube, kuma babu abin da ke tsorata mai bincike kamar hannun da ba ya gani. Mai buɗewa kamar akwati kuwa, ka ajiye ta ƙasa, ka ja zif, ka ja da baya, komai na fili. Aljihu goma sha biyu da ɓoyayyun wurare ba alheri ba ne; huɗu ko biyar sun isa, kuma ka san abin da ke cikin kowanne.

Na biyu, ta zama tana da ƙaramin aljihu a sama ko a kan maɗaurin ƙugu, na takardu kaɗai: takardar NIN, katin ƙungiyar mafarauta in kana ciki, lasisin bindiga in kana da ita, da takarda ɗauke da lambar wayar shugaban unguwarku ko na kasuwa, da ta wani Bayarabe da ya san ka, musamman Baale ko shugaban maharban garin da za ka shiga dajinsa. Kwafi ka ɗauka a cikin leda, na ainihi su zauna a gida, ban da lasisi. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku, kuma bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki, tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Abin da aka saba gani ba a tambaya a ƙauyenku, a nan za a tambaya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jihar Oyo kuma 615. Rubuta su a takarda, don waya na mutuwa.

Kuma takarda ba ta maye gurbin sallama. A ƙasar Yarabawa kusan kowane daji yana da masu shi, iyali ko gari. A je a gai da Baale kafin a shiga, in da hali a tafi da ɗan gari. Akwai kuma wuraren da ko Baale ba shi da ikon ba ka izini. Dajin cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a 1967, ga shi nan maƙwabcin Shasha, a killace yake, ba a farauta a ciki. Haka gandun dajin ƙasa na Old Oyo, mai faɗin murabba'in kilomita 2,512, wanda aka kafa a 1991; shiga da makami kaɗai laifi ne. Dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985 kuma ta hana kama irin su ɗan-kunya, dabbar nan mai sulke a jiki da ke naɗewa in ta ji tsoro. A same shi a jakarka, babu katin da zai fitar da kai.

Akwai abubuwan da ba laifi ba ne amma a idon mai zargi hujja ne: waya fiye da biyu, tarin layukan waya, kuɗi masu yawa, doguwar igiya a naɗe, hular da ke rufe fuska, ƙwayoyin da ba a cikin kwalinsu suke ba. Fitar yini ɗaya ba ta buƙatar ko ɗaya. Adda da gatari a riƙe su a fili cikin kube ko a ɗaure a gefen jaka inda kowa ke gani, har a isa daji. Layu da guraye kuwa, kowa da abin da ya gada, ba za mu shiga wannan ba. Maharban Yarabawa ma suna da nasu, kuma su ne suka fi kowa fahimta.

Nama ba ya shiga inda guzuri yake

Abin da ake samu a fitar yini a wannan yanki, yawanci gyazbi ne, wanda Yarabawa ke kira oya, da gafiya, da fakara, da zomo, in an yi sa'a gada. Kuskure ne a jefa su cikin jaka tare da ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki. Jini yana shiga soso da ɗinki, ba ya fita, kuma warinsa zai kira kwarkwasa da ƙuda a fita ta gaba. Abin da ya fi wannan, zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashi da jinin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, yana ƙaruwa a rani, daidai lokacin farauta, kuma Ondo da Edo suna cikin jihohin da suka fi fama da shi kowace shekara. Ɓerayen daji a bar su. Sauran nama kuma a taɓa shi da safar hannu ta roba in akwai rauni a hannu, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Don haka ka nemi jaka mai maɗaurai biyu a gefe ko a ƙasa, waɗanda ake tsuke ta da su. Da su za ka ɗaure buhun nama a waje. Buhun ya zama mai shan iska, irin na albasa, wanda ba ya wuya a Shasha. Nama a cikin rufaffiyar leda a zafin rana, kafin la'asar ya fara canzawa. Wuƙar yanka mai kaifi ta zauna a inda hannu zai kai gare ta nan take, don abin da kare ya kamo da rai ba ya jiran a kwance kaya.

Aljihu ɗaya na magani

Bandeji mai faɗi biyu, filasta, farasitamol a kwalinsa, ledar gishiri da suga ta kemis guda biyu, tocila da batir na ƙari, da usur. In babu ta kemis, cokalin shayi shida na suga da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Ga saran maciji, ko kasa ko kububuwa ko gamsheƙa, shawarar likitoci a yau ita ce kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a ɗaure ƙafar ko hannun da sanda kamar karaya don kada ya motsa, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Babban asibitin koyarwa na UCH yana nan cikin gari, amma daga Oke-Ogun tafiya ce mai nisa, don haka tun kafin a shiga daji a san asibitin gwamnati mafi kusa da mai babur ɗin da za a kira.

Inda ake samu, da yadda ake duba ta gwanjo

Shasha kasuwar kayan gwari ce, ba ta jaka ba, sai abin da 'yan talla suka zago da shi. Mai son zaɓi ya shiga gari, Aleshinloye ko Ogunpa ko Dugbe. Mai zuwa Legas ya leƙa Katangowa a Abule Egba, mai zuwa Kano kuma Ƙofar Wambai. Sabuwa mai arha da tsohuwa mai asali, a ganina tsohuwar ta fi, in an iya dubawa.

Juya ta ciki ya koma waje. Yawancin jakunkuna an shafa wa cikinsu wani siririn roba mai hana ruwa, kuma in ya tsufa sai ya fara ɓarewa kamar fatar maciji, ko ya yi danƙo, da wani wari mai tsami. Wannan ba ya gyaruwa, kuma laimar Badun ƙara masa gudu take. Ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa, ka ga ko ƙasan ya sirance. Matsa soson hannuwa. In bai dawo ba, ya mutu. Maƙullan roba kuma ka sa ka cire sau da yawa, ka ji ko suna yin ƙas. Zif ɗin da ya lalace ana iya canzawa a wurin tela, maƙulli ma ana samu, amma a rage kuɗinsu a ciniki.

In an dawo daga daji, a zazzage ta a waje, ba a ɗaki ba, saboda kaska da kunama. A goge da ruwa da sabulu mara ƙamshi, don hancin dabba ya fi namu nesa ba kusa ba, a shanya ta a inuwa bakinta a buɗe har ta bushe sarai. Zif a goga masa kyandir. Sannan a rataye ta a ƙusa, nesa da ƙasa, inda ɓera ba zai bi warin ƙuli-ƙuli ya huda ta ba.